Maroko da rage hanya: kundin tafiyar mutum biyu

Litinin, 7 ga Oktoba 2024, Kasablanka

Tsarin dai kwana 26 ne a Maroko, ni da uwargida, ba motar kanmu ba tikitin bas, sai wanda Allah ya kawo ya rage mana hanya. Kasafin dirhami 250 a rana mu biyu, wato 6,500, da wani 1,000 a gefe wanda ba a taɓa shi sai rashin lafiya ko jirgi na neman tafiya ya bar mu. Dalar Amurka ɗaya tana neman dirhami 10. Sai an shigo ƙasar ake canjin dirhami, don haka mun canza kaɗan a filin jirgi, sauran a cikin gari.

Jakar goyo biyu, tawa kilo 11, tata kilo 8. A ciki akwai tanti mai kilo 2, jakar barci biyu, rigar ruwa, tocila, sallaya mara nauyi, maka baƙa mai kaurin baki. Ba mu ɗauko murhu ba, burodi da gwangwanin kifi sun fi gas araha. Direba daga nesa yake auna kayanka kafin ya dubi fuskarka, wanda ya tsaya da akwati sai dai ya ga wucewar motoci.

Takardu uku ne ba sa barin jiki: fasfo mai biza (mai fasfon Najeriya sai da ita, tamu ta kwana 30 ce), takardar aure, da fassararta zuwa Faransanci. Ƙananan masaukai da yawa ba sa ba Musulmi mace da namiji ɗaki ɗaya sai sun ga shaidar aure, mu ma yau sai da aka nema. Akwai kuma lambar da jami'in shige da fice ke bugawa a fasfo ranar shigowa, kowane masauki sai an cika ta a fom. Mun rubuta ta a bayan waya don a daina zaro fasfo.

Layin waya da data 70. Ɗaki 180, ya yi tsada, amma Kasablanka ce.

Talata, 8 ga Oktoba, Rabat

Ba a neman mota a tsakiyar gari. Mun hau taragon cikin gari zuwa ƙarshen layinsa a Sidi Barnusi, muka taka zuwa gidan mai na farko a hanyar Muhammadiyya. Mota biyu, kilomita 90, jira minti 25 da minti 15. An hana mai ƙafa hawa babbar hanya mai tolget, sai dai a tsaya kafin mashigarta.

Laraba, 9 ga Oktoba, Larash

Kilomita 165, mota uku, lafiya lau. Kwali daga shagon kayan masarufi, kyauta. Gefe ɗaya sunan gari da Larabci, ɗaya gefen da rubutun Faransanci irin na allon hanya, kowane harafi tsawon tafin hannu. Gari mafi kusa ake rubutawa, ba na ƙarshe ba. Wanda zai yi kilomita 40 kacal in ya ga sunan gari mai nisa, ɗaga kafaɗa yake ya wuce.

Alhamis, 10 ga Oktoba, Tetuwan

Yau mun ji jiki. Awa uku da minti 40 a shatale-talen fita daga Larash, wurin tsayawa mai kyau, ga fili, ga motoci suna rage gudu, amma ko ɗaya. Wasu su nuna ƙasa da yatsa, ma'ana nan kusa za su tsaya. Wasu su dube mu sosai su kau da kai, abin da bai faru jiya da shekaranjiya ba.

Mai ba da mai ne ya warware mana. Nan arewa ce, gaba kaɗan Tanja take da Sabta, garin da ke hannun Sifaniya a gaɓar Maroko, inda masu neman tsallakawa Turai ke taruwa. Dokar shige da fice ta 2003 tana hukunta wanda ya yi jigilar baƙo mara takardu, kuma shingayen jandarma suna da yawa a wannan yanki. Direba in ya hango baƙar fata biyu da jakar goyo sun nufi arewa, lissafin motarsa yake yi, ba na lada ba. Ba ƙiyayya ce duka ba, yawanci tsoro ne, kuma ɗaga kwali ba ya maganin tsoro.

Muka sauya salo. Muka bar bakin titi muka koma wajen famfon mai, inda direba ke tsaye dole. Ni na je na yi sallama da fasfo biyu a hannu, shafin biza a buɗe, uwargida tana kusa da jakunkuna inda za a gan ta. Maganar gajera ce, da Darija, Larabcinsu na kasuwa: "Ghadi l Tetwan? Ana u marati, autostop, bla flus." Wato za ka Tetuwan? Ni da matata ne, rage hanya, ba kuɗi. Na bakwai ya yarda, mai a-kori-kura ɗauke da albasa, sai da ya juya shafukan fasfon ɗaya bayan ɗaya. Ya kai mu kusan kilomita 55 ya kauce zuwa ƙauyensu. La'asar ta yi sanyi, muka biya babbar tasi, motar haya tsakanin garuruwa, 30 kowanne zuwa Tetuwan.

Da za mu sake, daga Rabat sai mu yanke gabas ta Meknas. Kusurwar nan ta arewa tana cin lokacin mai irin fatarmu ninki uku.

Juma'a da Asabar, 11 da 12 ga Oktoba, Shafshawan

Kilomita 65, mota ɗaya, malaman makaranta biyu, jira minti 50, da dabarar jiya. Mun fita tun ƙarfe 8 don mu riga Juma'a. Ɗaki 130. Bisara, faten wake da man zaitun, kwano 7, da burodi 2, ta riƙe mutum har azahar. Masu tallan tabar wiwi suna bin baƙo a nan. Ba ma karɓar ƙunshin kowa, ko an ce saƙo ne zuwa gari na gaba, kuma mun soke hanyar Ketama, yankin noman wiwin, daga tsari.

Lahadi, 13 ga Oktoba, Fas

Ta Wazzan, kilomita 200, mota huɗu, awa bakwai. Da muka juya kudu sai jira ya dawo minti 20 zuwa 30. "Za mu Fas ziyarar Sidi Ahmad Tijjani" ita ce amsar da ta fi kwantar wa direba hankali, don sun saba ganin mutanenmu da na Senegal suna zuwa zawiyyar.

Lissafin mako: masauki 1,020, abinci 560, sufuri 200, waya 70, ƙananan abubuwa 40. Jimla 1,890, an haura kasafi da 140. Ɗaki ne ya cinye, ba mota ba.

14 da 15 ga Oktoba, Fas

Ziyara, wanki, hutu. Shehu ya rasu a nan 1815, zawiyyar tana cikin tsohon gari, ƙafa kaɗai ke kai mutum. Masallatan ƙasar Malikiyya ne, karatu da Warshu, irin na allonmu, ana kuma karanta hizbi a jam'i bayan magariba da asuba. Akasari ana rufe su tsakanin salloli, don haka kada a sa ran wurin kishingiɗa. A kan hanya gidajen mai ne mafita, yawancinsu da ɗakin salla da wurin alwala, a ba mai shara dirhami 1 ko 2.

Laraba, 16 ga Oktoba, Azru

Ta Ifran, kilomita 80, mota biyu. Kasuwar Azru Talata take ci, mun makara da kwana ɗaya. Sanyi ya fara cizo.

Alhamis, 17 ga Oktoba, Midalt

Kuskure biyu, duka namu.

Na farko, karɓar gajeriyar tafiya zuwa inda bai kamata ba. Wani makiyayi ya kai mu Timahdit, kilomita 30 da ɗoriya a kan hanya mai lamba N13, ƙarfe 10 na safe, muna ta murna. Ashe mun bar mahaɗar Azru inda motocin Meknas da Fas ke ratsawa a hankali, mun zo inda suke wucewa a guje, cike da mutane, masu tashi daga garin kuwa rugage kawai suke zuwa. Wurin tudu ne fetal ba bishiya, gaba ga mashigin Zad mai tsawon mita 2,178. Iska ta taso, yayyafi ya biyo baya. Jakar barcinmu ta ƙasar zafi ce, rigunanmu ma haka. Awa huɗu. Sai da muka sayi bargo 90 a wani shago, uwargida ta lulluɓa da shi a bakin titi. Kafin a shiga mota a tambayi inda za a sauke mutum, in babu gidan mai ko mahaɗa ko wurin cin abincin direbobi, gara a yi godiya a ci gaba da jira a wuri mai kyau.

Na biyu, rashin gama magana kafin hawa. Wata tsohuwar farar bas ta tsaya mana ba mu ko ɗaga hannu ba. Na ce "autostop", direba ya gyaɗa kai. Da muka isa Zayda ya ce 100. Irinsu ake kira khattaf, masu kabu-kabu ba lasisi, su ne motar haya a ƙauyukan da tasi ba ta zuwa, kuma a wajensu duk wanda ya tsaya a titi fasinja ne. Alamominsu a fili suke: su ke fara kunna maka fitila, akwai mutane da buhuna a ciki, ba sa tambayar daga ina kake. Kalmar da ya kamata in faɗa ita ce "fabor", kyauta, in kuma jira amsa da baki, ba gyaɗa kai ba. Wata dattijuwa a cikin motar ta ɗaga yatsu uku, ta ce talatin kowa ke biya. Muka ba da 60. Haƙƙinsa ne, sana'arsa ke nan.

Zayda kuwa aljannar mai neman mota ce. Layin masu gasa nama a bakin hanya, tireloli da bas duk nan suke tsayawa. Minti 10 muka samu mai kai mu Midalt. Ɗaki 130, ruwan zafi sai da muka tambaya kafin biya.

Juma'a, 18 ga Oktoba, Arrashidiyya

Ranar Juma'a daga 12 zuwa 3 hanya mutuwa take, salla sannan kuskus a gida. Ko a fita da sassafe ko a haƙura. Mun haƙura. Ƙarfe 3 da rabi muka samu motar ɗaukar tuffa, amfanin gonar Midalt, kilomita 140.

Zaman babbar mota ga ma'aurata yana da tsari. Ni a tsakiya kusa da direba, ita a bakin ƙofa. A ƙaramar mota ni gaba ita baya. Jakar takardu da kuɗi a jiki, ba a but ba. In an tsaya shan shayi tare muke sauka, ko kuma ɗayanmu ya zauna da kaya. Ina ɗaukar hoton lambar mota a gaban direba in tura gida, babu wanda ya taɓa ɓata rai. Tirela mai kujera biyu kacal ba ta ɗaukar mu, don na ukun sai ya hau gadon baya, a shinge kuma direba ne zai biya tara. Shi ya sa mutum biyu sun fi samun ƙananan motoci da masu kujera uku a gaba. Lambobin gaggawa: 'yan sanda 19, jandarma 177, motar asibiti 15.

Hanyar ta haura mashigin Talgamt, mita 1,907, ta gangara kwazazzabon Ziz, ta ratsa ɗan ramin da aka fasa cikin dutse, sannan madatsar ruwan Hassan Addakhil. Shinge biyu, an duba fasfo, an tambayi inda za mu kwana, minti biyar-biyar.

Direban ya ce ba za mu kwana a otal ba yana da gida. Na dubi uwargida, ta ce, "Malam, in da iyali a gidan mu je, in babu a'a." Ya kira matarsa a waya suka gaisa. Ba a shiga gida hannu rabbana: curin sukari mai kilo 2, wanda shi ne tsarabar girmamawa a nan, da ayaba da lemo, duka 45. Kuɗi kuwa kada a miƙa, cin fuska ne. Ta kwana wajen mata, ni a falon baƙi. Addu'ar da suka fi jin daɗi ita ce "Allah yarham l-walidin", wato Allah ya jiƙan iyaye.

Asabar, 19 ga Oktoba, Risani

Ta Arfud, kilomita 95, mota uku. Lokacin yankan dabino ne, kowace mota sai an cika mana hannu. Ɗaki 100.

Lahadi, 20 ga Oktoba, Marzuga

Kasuwar Risani Lahadi, Talata da Alhamis. Kangon Sijilmasa, tsohuwar tashar ayarin Sahara, yana bakin garin, ba kuɗin shiga, bangayen ƙasa ne suka rage. Tsakanin Risani da Marzuga duk wanda ya tsaya maka yana da raƙumi ko masaukin da zai sayar, "kyautar" tana ƙarewa a ƙofar otal ɗinsa. Mun biya tasi 15 kowanne muka huta da ciniki. Filin kafa tanti 60, da banɗaki. Turakun tanti na waya ba sa kama yashi, sai da muka cika leda huɗu da yashi muka ɗaure igiyoyin muka binne.

Mako na biyu: masauki 690, abinci 520, sufuri 104, bargo 90, tsaraba 45, wanki da gidan wanka 40, data 20. Jimla 1,509. An biya bashin makon jiya, saura rarar 101.

Litinin, 21 ga Oktoba

Hutu. Ruwan saman Satumba ya bar tafkuna a gindin tuddan yashi. Babu shago mai araha, a zo da burodi da ruwa daga Risani.

Talata, 22 ga Oktoba, Alnif

Hanya biyu ce zuwa Tingir: a koma ta Arfud a bi ta Tinjdad, ko a yanke ta N12 zuwa Alnif. A taswira ta biyun ta fi burgewa. Mun zaɓe ta da lissafin cewa yau kasuwar Risani, 'yan kasuwa za su koma yamma. Lissafin rabinsa ne daidai. Suna komawa, amma sai bayan azahar, kuma maƙil da tumaki da buhuna. Na ƙirga daga 9 zuwa 12: mota 23 ta nufi yamma, 9 na masu yawon buɗe ido ne da direban haya, waɗanda ba sa tsayawa don motar ba tasu ba ce.

Babu inuwa a mafitar Risani inda muka tsaya. Lita 3 muka ɗauka mu biyu, ta ƙare kafin ƙarfe 1. A wannan yanki lita 3 ta mutum ɗaya ce, kuma jarkar lita 5 a 13 ta fi kwalabe uku a 18. Wani ya yi tayin kai mu kilomita 30 ya ajiye mu a wata mararraba, muka tuna Timahdit muka ce mun gode. Ƙarfe 2 da rabi mai sayar da duwatsun da ke da sawun halittun da suka daskare, sana'ar Alnif ke nan, ya ɗauke mu kilomita 95.

Mun isa 4 da rabi. Ƙa'idarmu ita ce awa ɗaya da rabi kafin faɗuwar rana a daina neman mota, rana kuwa yanzu kafin 7 ta faɗi. Ɗaki 120 wanda babu shi a tsari. Gajeriyar hanya ta ci kwana guda, ta Arfud da tuni muna Tingir.

Laraba, 23 ga Oktoba, Tingir

Awa biyu ba labari, muka biya tasi 30 kowanne, kilomita 70. Babbar tasi kujera shida ce, ba ta tashi sai ta cika, kuɗin kujera ake tambaya, ba na mota ba, in ba haka ba a ɗauka shata kake so. Da yamma kwazazzabon Todga, kilomita 15, 8 kowanne zuwa, 8 dawowa. Ɗaki 110.

Alhamis da Juma'a, 24 da 25 ga Oktoba, Warzazat

N10 ce mafi sauƙi zuwa yanzu. Kilomita 170 ta Bumaln da Kal'at Maguna da Skura, mota huɗu, babu jiran da ya kai minti 20. Garuruwa kusa-kusa, don haka a nan gajeriyar tafiya ba ta cutarwa. Mutanen yankin Amazigawa ne, "azul" a gaisuwa da "tanmirt" a godiya suna buɗe fuska. Juma'a ba mu motsa ba.

Asabar, 26 ga Oktoba, Marrakesh

Kilomita 195 a kan N9 ta mashigin Tishka, mita 2,260. Mun ƙi mota biyu masu tsayawa a ƙauyukan dutse, muka jira minti 70 har mai zuwa Marrakesh kai tsaye ya samu. An faɗaɗa hanyar, amma kwana-kwana tana nan ba iyaka. Ƙwayar hana amai 35 a kantin magani, a sha rabin awa kafin hawa, a ci abu kaɗan, leda a aljihu. Wanda ke zaune baya ya fi jigata, a nan kuwa mace ce kullum a baya. Mun roƙi direba ya tsaya sau ɗaya.

Lahadi, 27 ga Oktoba, Marrakesh

Mako na uku 1,690: masauki 870, abinci 590, sufuri 110, sauran 120, ciki har da 35 da na'urar cirar kuɗi ta yanka. Yankan iri ɗaya ne ko nawa aka cira, gara a ciri mai yawa sau ɗaya.

Kwana 21, an kashe 5,089 cikin 5,250. Masauki 2,580, abinci 1,670, sufuri 414, sauran 425. Kilomita kusan 1,670, waɗanda muka biya 215. A farashin kujerun tasi da muka riƙa tambaya, ragowar za ta ci mu wajen 1,300, kuɗin ɗakin kwana goma. Tantin kuwa kwana biyu kawai ya yi aiki, kilo 2 a baya mako uku don rarar da ba ta kai 150 ba. A wannan wata, da sanyin dutsen Atlas, bai biya ɗaukarsa ba.

Saura 1,411 na kwana biyar, ajiyar 1,000 ba a taɓa ba. Gobe bas ɗin cikin gari zuwa mafitar yamma, sannan Sawira ta Shishawa, kilomita 180. Daga can bakin teku: Safi, Walidiyya, Jadida. Jirgi Asabar 2 ga Nuwamba. Duk inda muke ranar Alhamis da la'asar, daga nan tikiti za mu saya zuwa Kasablanka, mun ware masa 200. Bargon Timahdit za mu bar wa mai gadin masaukin nan. Ana bukatar sabon kwali, maka ma ta fara bushewa.